Mece ce balaga, kuma da me ta bambanta da zaƙin baki?

Ɗalibi: Assalamu alaikum, malamai. Ina yawan jin ana cewa mai wa'azi kaza yana da balaga, wani kuma a ce zaƙin baki ne kawai gare shi. Ina iyakar da ke tsakaninsu?

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam, ɗana. Kalmar balaga daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta na nufin isa ko kaiwa, shi ya sa ake cewa yaro ya balaga idan ya kai munzali. A wajen malamai, balaga ita ce magana ta dace da halin wanda ake yi wa ita, tare da tsabtar lafazi, har ta isa zuciyarsa. Sun kasa iliminta gida uku: ma'ani (tsara jimla daidai da hali), bayani (isar da ma'ana ta hanyoyi irin su kamance) da badi'i (ƙawata magana). Wanda ya je ta'aziyya ya taƙaita kalamansa ya fi mai dogon jawabi balaga.

Hajiya Malama: Allah ya gafarta Malam, ina ƙarawa da cewa zaƙin baki kalma ce ta suka, domin dillali da ɗan siyasa mai romon baka ake jifa da shi, alhali balaga yabo ce.

Ɗalibi: To, fasaha fa?

Malamin Zaure: Asalinta fitar lafazi sarai ba gargada, amma yau “kimiyya da fasaha” ta kusa ƙwace ta.