Gogewarmu kan sharuɗɗan NCAA ga matasan da ke neman karatu a Amurka ta hanyar wasa

Mai horar da 'yan ƙwallon kwando, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk shekara iyaye kan zo mini da saƙon wani kocin jami'ar Amurka, suna ganin magana ta ƙare, alhali hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i a can, ba ta ko duba takardun yaron ba tukuna. Cibiyarta ta tantancewa tana bincikar karatun ɗalibi, sannan tana bincikar ko ya taɓa mayar da wasa sana'a. A rukuni na ɗaya, wato matakin wasannin jami'o'i mafi girma a tsarinta, ana buƙatar darussa 16 da ta amince da su, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, kuma tun 2023 ta daina sharɗanta jarrabawar shiga jami'a ta SAT. Ina roƙon duk wanda ya bi ta wannan hanya ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Tsohon ɗan ƙwallon ƙafa, Kano:
Wa alaikumus salam Koci. Ni jinkiri ne ya ci ni, ba kuɗi ba. Bayan na gama sakandare na yi shekara uku ina buga wa wata ƙungiya gasar jiha, ba albashi, sai ɗan kuɗin mota, don haka hankalina kwance yake cewa ban zama ƙwararren da ake biya ba. Ashe a yawancin wasanni shekara ɗaya kacal ake ɗaga wa mutum ƙafa bayan kammala sakandare, kuma kowace shekarar da ya ƙara yana buga gasa mai tsari, wato mai alƙalin wasa da jadawali da riguna, za a cire masa kakar wasa ɗaya daga cikin huɗun da yake da su a jami'a. Da jami'ar ta lissafa ta ga saura mini biyu, kuma sai na zauna shekarar farko ban buga ba, ta janye tayin. Ban ga laifinsu ba, domin dokar tana rubuce, ni ne ban sami mai karanta mini ita ba a lokacin da za ta amfane ni.

Mahaifin wata 'yar tsere, Jos:
Allah ya musanya maka da mafi alheri, ɗana. Mu mun tsallake, amma da kyar. An nemi sakamakon 'yata tun daga aji uku na ƙaramar sakandare, wanda shi ne daidai da aji tara a tsarinsu, tare da takardar WAEC. Sai da na yi sawu huɗu zuwa tsohuwar makarantarta kafin a gano kundin. Aka kuma tambayi duk kyautar kuɗin da ta taɓa karɓa, domin a lokacin bai kamata ta wuce ainihin abin da aka kashe wajen halartar gasa ba, irin su mota da masauki da abinci. Rasitan da mahaifiyarta ke tarawa a cikin wata leda su suka fitar da mu kunya. Akwai kuma wani dillali da ya kawo takarda wai zai wakilce ta, muka ƙi sa hannu, daga baya muka ji cewa a lokacin ko alkawarin baka da irinsu yana iya ɓata komai.

Ɗalibi mai buga ƙwallon kwando, Amurka:
Baba, kun yi dabara. Mu a nan har yau ana ba da misali da Enes Kanter na Turkiyya, wanda aka haramta masa buga wa jami'ar Kentucky a kakar 2010 saboda ƙungiyar Fenerbahçe ta ba shi dala 33,033 sama da kuɗin ɗawainiyarsa. Abubuwa sun sauya ƙwarai tun daga lokacin. Daga ranar 1 ga Yulin 2021 ɗan wasa yana iya samun kuɗi ta hanyar amfani da sunansa da hotonsa, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa raba wa 'yan wasa wani kaso na kuɗin shiga. Sai dai mu masu bizar karatu ta F-1 hannunmu a ɗaure yake, domin ba ta ba mu damar yin irin wannan aiki a cikin ƙasar ba, kuma ni kaina na bar wani tallan shago da aka yi mini tayi bayan ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya gargaɗe ni.

Mai horar da 'yan ƙwallon kwando, Kaduna:
Na gode muku. Labarin ɗan'uwanmu na Kano ya fi taɓa ni, domin yanzu haka ina da yara biyu da suka gama sakandare bara kuma suna cikin jerin waɗanda za su buga gasa mai zuwa. Gobe in Allah ya kai mu zan zauna da iyayensu mu ƙirga watannin kafin in miƙa sunayen.