Daga tallan tufafi zuwa wasan talabijin: shawarwarin da aka bayar

Tambayar ita ce, mace ta yi suna a tallan tufafi, yaya za ta koma wasan talabijin ba tare da an ce kyau kawai ta kawo ba?

Yawancin waɗanda suka ba da shawara, a kan batun murya suka tsaya. Mai talla ta saba da kyamara, ta san inda haske ke faɗo mata, amma aikinta bai taɓa neman ta buɗe baki ba. A talabijin kuwa sai ta haddace shafuka, ta saurari abokin wasanta, ta maimaita fage guda har darakta ya gamsu. Don haka suka ce ta nemi malamin wasa tun kuɗin talla na shigowa, kada ta jira kasuwa ta ja baya. An kawo misalin Tricia Helfer 'yar Kanada, wadda ta lashe gasar masu tallan tufafi ta kamfanin Ford Models a 1992, amma sai a 2003 ta fito a wasan talabijin mai suna Battlestar Galactica.

Inda aka rabu shi ne batun fitowa a ƙananan matsayi a wasa. Wasu sun ce ta karɓi duk abin da ya samu, wasu suka ce ta guji matsayin kyakkyawar da ba ta magana. A ganina na biyun sun fi gaskiya. Kwantiragi dai kowa ya yarda lauya ya fara karantawa kafin ta sa hannu.