Maki ko Kofi: Musayar Waƙa kan Gwanayen Wasan Ƙarshe na NBA

Baba Na-Fagge:

Assalamu alaikum. Yau a ƙwallon kwando za mu kara. A wasannin ƙarshe na NBA, babbar gasar Amurka, inda wanda ya riga cin huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofi, ba wanda ya taɓa zuba maki a dare guda kamar Elgin Baylor a 1962. Kofin bai bi shi gida ba, amma ni na ce shi ne gwarzo. Amsa-amona "wa", mai ja da ni ya biyo ni da shi.

Bismillahi da shi zan fara,
Mai ba bawa ikon tsarawa.

Baylor nake kira na Lakers,
Wanda Boston ta kasa tarewa.

Yana soja, kaki na jiransa,
Sai an ba shi hutu yake bugawa.

Wasa na biyar, a gidansu ya same su,
61 ya zuba, ba sassautawa.

Ba layin maki uku a zamanin,
Bibbiyu da ɗai-ɗai yake tarawa.

Russell na Boston na tsaye a bakin kwando,
Yana miƙa hannu tana wucewa.

Shekara 60 ke nan da ɗoriya,
Har yau ba a sami mai kamowa.

Ɗan Tudun Wada:

Baba, Allah ya ja kwana. Girmanka ne, amma yau sai ka gafarce ni.

Baba na ji, na kuma rusuna,
Sai dai gaskiya ba ta ɓoyuwa.

Wa ya ɗau kofin wannan shekara?
Boston ce, Baba, ba musantawa.

Dami a gona ba tuwo ba ne,
Sai ya shiga rumbu ake ƙirgawa.

In ana son maki da kofi tare,
Jordan na Chicago ake nunawa.

1993 ya riski Phoenix,
55 a dare guda, ba tausayawa.

Wasa shida, in ka raba daidai,
41 kowane dare ke faɗawa.

Sau shida ya je, shida ya ɗauko,
Bai je ƙarshe ya dawo yana kokawa.

Malam Mai Alli:

Yaron nan bakinsa da kaifi. Bari in canza salo zuwa ƙwar biyar, ko ya sami wurin numfashi.

Yaro tsaya ka ji batun Jerry,
West na Lakers, sarkin aiki,
Sau tara ya kai ƙarshen neman kofi,
Sau takwas ya koma da baƙin ciki,
Sau ɗaya tak ya sami ɗagawa.

A 1969, daren farko,
53 ya jefa cikin kwando,
Ran na bakwai cinyarsa na ciwo,
42 ya ƙara, kofin bai zo,
Boston ce dai ta sake ɗaukewa.

Masu zaɓe suka zauna suka auna,
Gwarzon wasannin wa za a nuna?
Suka tsallake dukan masu murna,
Suka ba West, zuciyarsa na ƙuna,
Daga shi ba a ƙara maimaitawa.

Shi kaɗai ne a tarihi aka ba wannan kyauta alhali ƙungiyarsa ce ta faɗi. Kuma in aka haɗa makin da kowa ya ci a wasannin ƙarshe tsawon rayuwarsa, West ne a sama da 1,679, LeBron James na biye da 1,562. Ɗana, jeka ka gaya wa mutumin nan bai iya ba.

Hajiya 'Yar Damagaram:

Baba, Malam, barkanku da hira. Ku matsa mini kaɗan. Duk kuna ƙirga yawan maki, ni kuwa tambayata ita ce: a wane dare aka zuba su?

Kun tafi nesa kun bar na gida,
Jinin Najeriya ba ku ambatawa.

Giannis, a Atina aka haife shi,
Tushensa Legas, ba a mantawa.

Yana yaro yana talla a titi,
Agogo da tabarau yake sayarwa.

2021 Phoenix ta ci biyun farko,
Ana cewa Bucks ta Milwaukee ta gama mutuwa.

Suka tashi suka rama huɗu a jere,
Na shida shi ne daren rufewa.

50 ya zuba a cikin 105,
Kusan rabi, ku zauna lissafawa.

Jifan kyauta bayan ƙeta da ake masa ba'a,
Ana ƙirga masa daƙiƙa da shewa,

19 aka ba shi a wannan dare,
17 suka shige, biyu na kaucewa.

Shekara 50 Milwaukee na jira,
Kowace ya ba ta maki na sakawa.

Baba, 61 ɗinka sun bar aiki,
50 ɗina su suka yi gamawa.

Baba Na-Fagge:

'Yata kin iya, ban hana ki ba. Amma ba yaronki ne ya fara ba, kuma akwai abin da ku yara ba ku sani ba game da wasa na bakwai na 1962.

'Yata, 50 a daren ɗaukar kofi,
Pettit ya riga shi aikatawa.

1958, St. Louis da Boston,
Da maki ɗaya tak aka yi rabuwa.

Amma ku dawo mu koma kan Baylor,
Don ba ku san inda ta ɓaci ba, yara, kuwa.

Wasa na bakwai an yi kunnen doki,
100 da 100, lokaci na ƙarewa.

Ƙwallo ta faɗa a hannun Selvy na Lakers,
Ya ɗaga ya jefa, ba mai tarewa.

Ta taɓa baki ta ƙi ta faɗa,
Aka ƙara lokaci, Boston na tserewa.

Baylor ya ba su 41 ranar,
Me kuke so ya yi na ƙarawa?

Da ƙwallon Selvy ta shiga kwando,
Da yau shi kuke yi wa waƙar yabawa.

Abin da ke ci mini rai ma ba wannan ba ne. Gwiwa ta hana shi sakat, ya ajiye wasa bayan wasanni tara a kakar 1971 zuwa 1972. Yana ajiyewa Lakers ta ci 33 a jere, ta kuma ɗauki kofin shekarar. Rabo dai.

Ɗan Tudun Wada:

Wannan kam ta taɓa ni, Baba, don mu ma an yi irinta a idonmu.

Na ga LeBron a 2018,
51 ya yi wa Warriors, ba hutawa.

Ana 107 da 107,
Smith abokinsa ya cafke ta, sai gujewa.

Maimakon kwando ya nufi tsakiya,
LeBron na nuni, hannu na rawa.

Na yarda aboki na kayar da gwani,
Amma Jordan fa ba a haɗawa.

Malam Mai Alli:

Ba a haɗawa? To karɓi wannan.

Wasa na shida a garin Phoenix,
Chicago na ƙasa, agogo na tafiya,
Wa ya jefa ukun da ta raba gardama?
Paxson ne, ɗana, tambayi kowa,
99 da 98 aka yi tashiwa.

Kun ga na karya ƙa'idar baitin don haushi. Selvy ya ɓarar, Paxson ya saka. Bambancin Baylor da Jordan a ranakun nan biyu yana hannun wasu mutane ne daban.

Hajiya 'Yar Damagaram:

Malam, rabi na karɓa. Kafin ƙwallo ta kai hannun Paxson ai sai da aka ci wasa uku, kuma ka san wanda ya ɗauki kayan. Ƙanena Ɗan Tudun Wada, kai kuma ga wanda ya ci moriyar shekara biyun da gwaninka bai kai ƙarshe ba.

Hakeem Olajuwon ɗan Legas,
Houston ta riƙe shi shekaru da yawa.

Watan azumi yana fili da ƙishi,
Bai ce a ɗage masa ba, sai bugawa.

1994 ya gama da Ewing na New York,
Wasa bakwai aka sha fafatawa.

1995 Shaq na saurayi,
Orlando ta zo tana taƙama da tsawa.

Wasa huɗu aka yi, huɗun ya cinye,
Kowanne sama da 30 yake zubawa.

Bai kai 50 ba a dare ko ɗaya,
Zoben kofi biyu ne a hannu yana sawa.

Shaq ɗin ya girma ya koma Lakers,
2000 Indiana ta sha dakuwa.

38 kowane dare in an raba,
Baba, na Lakers ne, ban ji ka yabawa.