Dan Allah a ba ni shawara, na buɗe gidan gem amma kowa ƙwallo kawai yake so

Abba Na'ibawa:
Slm 'yan uwa barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema, kwana uku kenan ban yi baccin kirki ba. Ni dai tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare nake buga gem, lokacin na'urar PlayStation 2, wato PS2, ake yayi, akwai wani shago a bayan layinmu da muke zuwa in an taso daga islamiyya, kuma ni ban taɓa zama ɗan ƙwallo ba, abokaina suna can suna ta ihu a kan Winning Eleven ni ina lungu da God of War ko San Andreas ko Resident Evil 4. Har memori kad na saya da kuɗin yawon sallah, ɗan 8MB ɗin nan, saboda in ka ajiye wasanka a na shago washegari sai ka tarar wani ya goge ko ya ɗora nasa a kai. Resident Evil 4 sai da na fi wata biyu kafin na gama shi, kullum rabin awa. Abin da yake kama ni a irin waɗannan shine ba ka san me ke gabanka ba, harsashinka saura uku, kana cikin ƙauyen nan sai ka ji ƙarar injin yanka itace, mutumin nan mai buhu a ka ya taho, wallahi tafin hannunka sai ya jiƙe. Kuma in ka tashi labarin yana binka har gida, kana cin tuwo kana tunanin ta ina za ka ɓulle gobe. Tun lokacin na ci burin wata rana zan buɗe wajen da yara za su ji abin da na ji.

To Allah ya yi, wata huɗu kenan da buɗewa. Na zuba God of War na 2018, GTA V, Spider-Man, Resident Evil, amma kusan ba mai taɓa su, kowa ya shigo sai ya ce a sa masa ƙwallo, PES ko FIFA. Ciniki kuma ba ya kai yadda na lissafa, ga magana ta fara tasowa a gida. Shin in goge su in bar ƙwallo zalla ko in daure? Ku da kuke bugawa wane iri kuka fi so kuma me ya sa?

Ɗan Fagge:
Allah ya sa albarka. Amma ba ka faɗa mana PS nawa ne ba, nawa kake caji, wuta kake amfani ko inji? Kuma wace magana ce a gidan?

Oga Mai Gem:
Ƙanina zauna ka ji. Shekarata goma sha ɗaya a wannan harkar, tun PS2 har PS4, kuma duk wanda na gani ya rufe shago irin tunaninka ne ya rufe shi. Kai abin da kake so ka zuba, ba abin da unguwa take so ba. Yi lissafi da kanka: wasan ƙwallo ɗaya minti goma ne ko ƙasa, mutum biyu, hannu biyu, ana gamawa wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Mai God of War kuwa mutum ɗaya ne, ya riƙe maka TV awa guda, rabin lokacin ma kallon bidiyon labari yake yi da turancin da ba ya ji, kai kuma injinka yana shan mai, tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita ta koma. Sannan ka gane me ya sa ake son ƙwallon. Ba wasan ba ne, mutumin da ke gefenka ne. Yaro ya ɗauki Madrid ya zura wa abokinsa ɗan Barcelona huɗu a gaban mutum goma, sati guda ana yi masa tsiya a majalisa, dole ya dawo ramuwa, ramuwar nan ita ce cinikinka. Mu zamanin Winning Eleven har faɗa ake a kan Najeriya saboda Babangida, Tijjani ɗan Kaduna da ya buga a Ajax, in ka tura masa ƙwallo a gefe ba mai kamo shi, wasu kuma su ɗauko Roberto Carlos daga baya su maida shi gaba. A PES 6 kuma Adriano, daga ko'ina ya buga ta shiga. Har yau in muka haɗu hirar da muke yi kenan, ban taɓa jin an zauna ana hirar yadda wani ya kashe Zeus a God of War ba. Goge komai. Ka bar PES 2021 da sabon faci, wato abin da ake ɗora masa ya sabunta 'yan wasa, da FIFA ko FC yadda suka koma kiransa tun 2023, sai Mortal Kombat guda ɗaya dan shi ma na mutum biyu ne kuma zagaye ɗaya ba ya kai minti biyu. Shikenan.

Abba Na'ibawa:
Na gode Oga, amma gaskiya ba a yi wa gem ɗin labari adalci ba. Akwai yara biyu da suke zuwa kullum dan Spider-Man, ɗaya ma har ya fara tambayata ma'anar kalmomin da yake gani a ƙasa, ka ga ai ya ƙaru. Kuma shagon ƙwallo uku ne a titinmu, in na zama na huɗu me ya bambanta ni da su?

Oga Mai Gem:
Yara biyu. To su biyun ne za su biya maka haya? Shago uku a titi ɗaya suna ƙwallo kuma ba wanda ya rufe, ai amsar kenan.

Sniper 044:
Ku duka kuna maganar jiya ne wlh. Yanzu gem ya koma waya. Je ka duba yaran layinku da daddare, Free Fire suke yi, mutum 50 a tsibiri ɗaya, cikin minti goma an gama, kuma ko ƙaramar waya tana ɗauka shi ya sa ya fi PUBG shiga wajenmu, shi PUBG mutum 100 ne kuma yana son waya mai ƙarfi. Ni kaina Call of Duty Mobile nake yi tun da ya fito a 2019. Daɗinsa shine ku huɗu kuna magana a kunne, wannan ya ce ga su nan a bayan gini, wancan ya faɗi ka ruga ka tashe shi, in kuka rage ku kaɗai a ƙarshe wani irin daɗi ne da ba zan iya kwatanta shi ba. Ina da abokai a Jos da Kumasi da ban taɓa ganinsu ba amma in ɗaya bai hau ba kwana biyu sai mun kira shi. Shawarata ka sa wayfai mai ƙarfi da wajen caji da benci, ka dinga karɓar kuɗin awa. Dan babbar matsalarmu sabis ce, jiya ina zagayen ƙarshe saura mu biyu sabis ya ɗauke, na dawo na tarar an kashe ni, datar da na saya ta wata ko sati biyu ba ta yi ba, kuma ka kira su ba mai saurarenka, haka za ka yi ta jira a layi har katinka ya ƙare.

Maman Khalifa:
Ni dai da na ga ana maganar Free Fire ɗin nan raina ya ɓaci. Ɗana shekararsa 13, ya ɗauki wayata ya sayi wani abu wai dayamon da kuɗin da ke asusuna, kuɗin adashen mutane, sai da na sayar da atamfata na cike. Babansa ya ce ni na sangarta shi. Yanzu ko aike ka yi masa sai ya ce bari a kashe shi tukuna. Dan Allah Abba ko me za ka sa, lokacin makaranta da lokacin sallah ka kore su, mu iyaye mu muke kwana da abin.

Abba Na'ibawa:
Allah ya shirya mana Mama, Allah ya mayar da alheri. Ni ana kiran sallah nake kashe TV, kuma mai yunifom ba ya shigar min.

Issoufou Maradi:
Salam ɗan uwa, daga Maraɗi. Nan wajenmu ma bal ce ke da kasuwa, amma ni na mota nike so, Need for Speed Most Wanted na 2005 har yanzu shi ne nawa, 'yan sanda na biye da kai kana neman inda za ka ɓuya, ka ci tsere ka amshe motar wani. Yini nike bisa babur cikin rana, in na zamna na riƙa tuƙi a gem hankalina kwantawa yake. Wani abokina direban babbar mota ne amma in ya sauka Euro Truck Simulator 2 yake yi a kwamfuta, yana jan kaya daga Faransa zuwa Jamus sannu sannu, ya ce hanyar ba rami ba shinge. Kowa da abin da ke sanyaya mai rai. Ka bar TV guda ma masu son wani abu daban.

Ummu Hanan:
Ni mace ce kuma na gama God of War ɗin da kake magana a PS4 ɗin ƙanina, abin da ya riƙe ni shine uban da ɗansa, yadda yake son yaron amma ya kasa nuna masa, suna ɗauke da tokar uwar za su kai kan dutse. Dan haka na fahimce ka sosai. Matsalar ita ce irin wannan wasan shiru yake so, ba zai yiwu a shagon da ake ihun gol ba. Me zai hana ka ware safiyar Asabar da Lahadi, mutum ya biya na sati, ka buɗe masa akawun ɗinsa a PS ɗin yadda ba mai goge masa? Mu mata ma da yawa muna bugawa, a waya dai, Candy Crush da Ludo, wasu har Clash of Clans, dan ba inda za mu je.

Oga Mai Gem:
Hajiya da girmanki, amma safiyar Asabar ita ce kasuwa, ranar Premier yara tun safe suke zuwa su buga wasan da za a yi da yamma. Ya ba wa mutum ɗaya ita? Na gwada biyan sati a 2017, mutum ya biya sau ɗaya ya zo da ƙannensa uku. Shi kuma mai cewa a sa wayfai, yaro zai ba wa duk layin lambar sirrin, su zauna a bayan katanga suna sha. Abba ka ji abin da na faɗa maka, ni ba karantawa na yi ba, asara na yi na koya.

Sniper 044:
Akwai tikiti na awa da ake bugawa Oga, kowa da lambarsa, tana ƙarewa ta yanke. Ba komai ne sai yadda kuka yi a da ba.

Ɗan Fagge:
Har yanzu fa bai amsa tambayata ba.

Abba Na'ibawa:
Yi haƙuri Ɗan Fagge. PS4 uku ne, ɗaya tana zafi tana kashe kanta. Inji nake tayarwa yawanci. Kuɗin kuma na Yayana ne, shi ya ba ni jari, da sharaɗin duk wata zan dinga ba shi wani abu, wata biyu ban kai masa ba, shine ya gaya wa Hajiyarmu wai na buɗe wajen wasan kaina ne da kuɗinsa. Ya ce zuwa ƙarshen wata in bai ga canji ba zai kwashe kayan ya sayar. Amma ni na san ba gem ɗin ne matsalar ba, akwai manyan samari da suke zuwa suna sa kuɗi a kan wasa, na hana, suka koma shagon gaba da yaransu gaba ɗaya, daga nan cinikin ya faɗi.

Malam Baban Sadiq:
Hana cacar da ka yi daidai ne, kar ka janye ko da shagon zai koma mutum biyu. Amma haƙƙin Yayanka ma haƙƙi ne, ka je ka same shi da littafin cinikinka kafin ƙarshen watan, kar ka jira ya zo.

Oga Mai Gem:
To ka gani, da ka faɗi haka tun farko. PS biyu da rabi gare ka, bashi a kanka, kana maganar Spider-Man. Caca ni ma ba na bari, amma gasa nake haɗawa, mutum 16, kyautar kati ko riga daga aljihuna, shago ya cika har waje. Yi wannan Juma'ar. Ita kuma mai zafin a buɗe ta a share ƙura a canza mata man rage zafi da ake shafawa kan injin cikinta, ba wani abu ba ne.

Abba Na'ibawa:
Gasar zan duba. Amma gogewar ce gaskiya ba zan iya ba, yaron nan ya kai rabin Spider-Man, in ya zo ya tarar babu da wane ido zan kalle shi, ni an taɓa yi min na san yadda ake ji. Kuma Yaya bai taɓa zuwa ya zauna ya ga yadda wajen yake ba, daga nesa yake yanke hukunci. Ummu Hanan, biyan satin nan nawa kike ganin zan sa?

Sniper 044:
Ka sa wayfai kawai malam.

Ɗan Fagge:
Wai nawa kake cajin wasa ɗaya ne? Sau uku kenan ina tambaya.