Goge da fiyano sun ƙi jituwa, kuma daga ina do-re-mi ta fito?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Malamaina da yayyena, ina koyon haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta a wani situdiyo nan cikin Katsina, kuma abu uku sun tsaya mini. Idan na ɗora kiɗan kalangu a kan na'ura sai ya bushe, ya rasa rausayar da ake ji a filin biki. Idan an kawo mai goge, sai a ji shi da fiyano kamar kowa da inda ya nufa, alhali shi kaɗai ba ya kuskure. Sannan ina so in san asalin do-re-mi da layukan nan biyar da ake rubuta kiɗa a kansu. Wa ya kawo su, kuma dole ne mai kiɗan Hausa ya iya su? Allah ya ƙara ilimi.

Mai Fiyano, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, matsalarka ta farko ta bugu ce. Bugu shi ne abin da ƙafarka take bi tun kafin ka lura, kuma da minti ake auna saurinsa: idan ka ga 120 a na'ura, bugu 120 ke nan a minti ɗaya, kowane bugu rabin sakan. Amma sanin sauri bai isa ba, sai ka san gida nawa ake raba kowane bugu. Manhajojin haɗa kiɗa irin su FL Studio suna buɗewa ne da bugun da aka raba huɗu, alhali yawancin kiɗan kalangu na biki uku-uku yake tafiya, wanda a rubuce ake sa masa 6/8 ko 12/8. Gwada da kanka. Kunna kiɗan, ka riƙa taka ƙafa, ka ƙirga tsakanin taku da taku. In uku ta zauna daram, to ka je wurin saita layukan allon ka mai da su kashi uku na bugu kafin ka ɗora komai. Wanda ya bar su a huɗu ya kuma umarci na'ura ta jawo kowane sauti kan layi, ya tura bugun makaɗi inda bai buga ba. Ko bayan ka saita uku, kada ka daidaita kalangu ɗari bisa ɗari. Ɗan jinkirin da hannun makaɗi yake yi shi ne rausayar da ka ce ta ɓace.

Sai kauri da kaifin sauti. Tsarkiya mai karkarwa sau 220 a sakan tana ba da sauti ɗaya, mai sau 440 ta ba da shi ɗin dai amma a sama, irin yadda mace da namiji suke rera kari ɗaya kowa da muryarsa. Wannan tazarar ita ce oktaf. Fiyano ta yanka ta gida 12, farare 7 da baƙaƙe 5, shi ya sa ƙaramar fiyano mai maɓalli 61 take da oktaf biyar. Da haruffa ake sa wa maɓallai suna: farin da ke hagu da baƙaƙe biyu shi ne C. Daga kowane maɓalli ka tashi, in kana son tsanin do-re-mi, ƙirga maɓallan da kake tsallakawa har da baƙaƙe: 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Daga C duk farare za ka taka. Daga D, wato farin da ke bin C, dole ka taɓa baƙaƙe biyu, in ka ƙi kuwa kunne zai gaya maka an karya tsani.

Waƙoƙinmu da yawa sauti biyar suke yawo a kai: do, re, mi, so, la, babu fa babu ti. Buga baƙaƙen maɓallai su kaɗai za ka ji wani abu da ka sani tun kana yaro. A nan masu koyo suke ɓata waƙa, su cika ta da kod mai ɗauke da fa ko ti, sautin da mawaƙin bai taɓa ba ko sau ɗaya. Kod sauti uku ne a lokaci ɗaya: tsallake 4 sannan 3 ya ba da mai haske, tsallake 3 sannan 4 ya ba da mai sanyin jiki. A ƙarƙashin waƙar Hausa, sau da yawa do da so kawai sun wadatar, ka bar na tsakiyar.

Kuma ka kiyaye karin harshe. "Kuka" na hawaye sama-sama yake tafiya, "kuka" ta miya kuwa sama take farawa ta faɗo ƙasa. Idan karin da ka tsara a fiyano ya saba wa hawa da saukar kalmomi, mai sauraro zai ji wata magana daban. Don haka a fara da kalmomi, a faɗe su da baki, sannan a nemo musu maɓalli.

Malama daga Daura:

Ɗana, tambayarka ta uku na ɗauka, kuma amsarta tana da daɗi domin ba rana ɗaya aka ƙirƙiro rubutun nan ba. Kowane yanki nasa wata matsala aka yi wa magani.

Waƙar cocin Turai ta farko murya ɗaya ce, da Latin, ba ganga ba amshin wata murya daban. Ana jingina ta ga Fafaroma Gregory na ɗaya, wanda ya riƙe kujera daga 590 zuwa 604, amma siffar da ta zo mana ta ginu ne kusan shekara 200 bayansa, lokacin da Sarki Sharlaman da mahaifinsa suka nace sai dukan ƙasarsu ta rera irin ta Roma. Waƙoƙi ɗaruruwa, duk da ka. A ƙarni na 9 aka fara sa ƴan alamomi a bisa kalmomi, wannan na nuna hawa, wancan na nuna sauka. Ba su faɗin iyakar hawan. Wanda ya riga ya san waƙar suna tuna masa, wanda bai taɓa jin ta ba ba su amfane shi da komai.

Wanda ya warware wannan shi ne Guido na garin Arezzo a Italiya, a wajajen 1025 zuwa 1030. Ya ja layuka kusa da juna, ya ba kowane layi da kowane fili sautinsa, ya shafa wa layin F ja, na C rawaya, don ido ya kama nan take. Daga nan mutum zai iya rera waƙar da bai taɓa ji ba. Shi da kansa ya rubuta cewa horon da yake cin shekara goma ya dawo shekara ɗaya ko biyu, har Fafaroma ya kira shi Roma ya gani da idonsa. Layi huɗu aka daɗe ana amfani da su a waƙar coci, biyar ɗin da ka sani daga baya ta zama ta kowa. Sunayen kuma ya ciro su ne daga wata waƙar yabon Yahaya mai baftisma, wadda kowane ɗangonta yake farawa da mataki ɗaya sama da na baya. Gaɓoɓin farkon ɗangwayen su ne ut, re, mi, fa, sol, la. Shida ne kawai. An ƙara na bakwai, si, daga baya, a ƙarni na 17 mutanen Italiya suka musanya ut da do don ta fi daɗin buɗe baki, a ƙarni na 19 kuma masu koyarwa a Ingila suka mai da si ta koma ti. Wannan ta Ingila ce ta iso makarantun Najeriya.

Lura da cewa har nan ba a rubuta lokaci ba, kaifi da kauri kaɗai. Buƙatar lokaci ta taso ne da aka fara haɗa muryoyi. Tun ƙarshen ƙarni na 9 akwai rubutu da ke koyar da ɗora murya ta biyu a mataki na huɗu ko na biyar daga ta farko, wato kamar fa ko so a kan do. A cocin Notre Dame na Paris, wanda aka fara gininsa a 1163, Léonin ya tsara waƙa mai murya biyu, Pérotin ya kai ta huɗu a wajajen 1200. Mutum huɗu ba za su rera abu huɗu daban su haɗu wuri ɗaya ba sai kowa ya san tsawon sautinsa. Sai suka tsara salo shida na doguwa da gajeriya, kuma duk wanda ya karanci arulli, ya san gaɓa mai nauyi da sassauƙa a rubutacciyar waƙa, zai gane tunanin nan da nan. A wajajen 1280 Franco na Kolon ya sa siffar alama ita kanta ta faɗi tsawonta. Kuma ga abin da zai ba Mai Fiyano sha'awa: a wancan zamani raba bugu uku shi ne cikakke a wurinsu. Sai a wajajen 1320, a Faransa, aka ba rabon biyu cikakken matsayi a rubutu. An fara buga littafin kiɗa mai muryoyi da yawa da injin ɗab'i a Benis a 1501.

Wani gefen da littattafai suke wucewa da sauri, ni kuwa ina ganin bai kamata ba: a 822 mawaƙi Ziryab ya isa Ƙurɗuba daga gabas, ya kafa koyar da waƙa a Andalus, kuma udu da rababa na Larabawa su ne kakannin wasu kayan tsarkiya da Turai ta yi ƙarnuka tana kaɗawa.

Ko dole ne ka iya? Marigayi Mamman Shata bai rubuta kiɗa a layi ba, haka masu tambari da algaita da kakaki da za ka ji a hawan Sallar Gani nan Daura. Amma ga mai aikin situdiyo yana da amfani, domin allon kwamfutarka tunanin nan ne: sama da ƙasa kaifi, hagu zuwa dama lokaci. Sai dai ka sani an ƙera rubutun ne don waƙar wasu mutane. Ba shi da gurbin zamiyar da kalangu yake yi idan an matse tsarkiyarsa a hammata.

Mai Gyaran Kayan Kiɗa, Rafindadi:

Malama ta gama da tarihi, Allah ya saka. Saura goge, kuma ina so ɗan'uwa ya cire wa ransa cewa mai gogen ne ya kauce.

Ɗauki tsarkiya mai tsawon santimita 60. Danne ta a tsakiya, 30 ta yi kara, ka sami oktaf. Bar 40 ta yi kara, ka sami mataki na biyar, wato so. Bar 45, ka sami na huɗu. Wannan lissafi na 2:1, 3:2 da 4:3 ana danganta shi ga Fitagoras na Girka tun ƙarni na 6 kafin Miladiyya, kuma da shi Turai ta yi saiti ƙarnuka da dama. Aibinsa shi ne in ka hau mataki na biyar sau 12 a jere, ya kamata ka dawo sautin da ka fara, a can sama, amma sai ka wuce shi da kusan rubu'in tazarar maɓalli ɗaya. Wannan rarar dole a ɓoye ta a wani wuri. A saitin Fitagoras mataki na uku, wato mi, ne ya yi faɗi har yana kartar kunne, shi ya sa mutanen Pérotin ba su sauke waƙa a kansa. Sai a ƙarni na 15, da salon mawaƙan Ingila ya bazu, aka ƙaunaci mataki na uku, aka shiga sake saiti don ya yi daɗi.

Fiyanon da ke gabanka ta raba rarar daidai wa daida ga maɓallai 12. In an ɗauki tazarar maɓalli ɗaya a matsayin 100, so na fiyano yana kan 700, na tsarkiya yana kan 702, kunne ba ya damuwa. Amma mi na fiyano yana kan 400, wanda yake jituwa tsaf kuwa yana kan 386. Goge ba shi da maɓalli, yatsa da kunne ne suke yanke hukunci, kuma matakansa ba lallai su faɗa kan ko ɗaya daga cikin 12 ɗin ba.

Ga yadda ake yi. Mai goge ya zauna a ɗakin ɗaukar murya kamar minti 15 kafin a fara, domin fata da tsagiya suna bin iska: da hunturu fata takan ɗaure sauti ya hau, da damina ta saki ya sauka, sanyin na'urar ɗaki ma yakan motsa shi. Ya shafa ƙaro, ya daidaita jaki, wato ɗan icen da tsarkiya take hawa a kai, sannan ya ja tsarkiya ba tare da ya danna ba. Nemo maɓallin da ya fi kusa da wannan sautin. Abin da ya rage ka cike shi da saitin fiyano gaba ɗaya, inda za ka ga 440 a rubuce, wato yawan karkarwa a sakan na sautin da ake saita sauran da shi, ka ɗaga ko ka sauke. Ku ja sautin tare: muddin kana jin wani kaɗawa wau-wau tsakaninsu, ba a kai ba, in ya lafa an dace. Wannan 440 ɗin yarjejeniya ce da aka yi a Landan a 1939, ba abin da zai lalace don ka matsa daga kanta. Goge za a fara ɗauka, fiyano ta biyo.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. To Auto-Tune fa, Yaya? In na sa wa gogen ba zai daidaita shi da fiyano a huta ba?

Mai Fiyano, Ƙofar Ƙaura:

Kada ka sa wa goge. Aikinsa jawo kowane sauti zuwa maɓalli mafi kusa, goge kuwa rabin daɗinsa a zamiya tsakanin sautuka yake, sai ka ji ya koma tsalle-tsalle. Ga muryar mawaƙi za ka iya sa shi, da sharaɗi uku. Ka gaya masa do ɗin waƙar, ka cire fa da ti daga jerin in waƙar mai sauti biyar ce, don kada ya riƙa fizgar murya zuwa inda ba ta nufa ba, kuma in ka sauya 440 a fiyano ka sa masa lamba ɗaya da ita. Saurin gyaran ka ja shi baya, wajen 30 zuwa 50, sifili shi ne yake kawo muryar ƙarfen nan. In waƙar ta yi wa mawaƙi sama har jijiyar wuyansa tana tashi, sauke fiyano da maɓalli 2 ko 3 ta wurin Transpose ku sake ɗauka.