`mv` yana matsar da fayil, ko suna kawai yake canzawa?

Basiru, Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Umarnin `mv` na Linux ba ya ɗaukar fayil daga wani wuri zuwa wani, suna kawai yake canzawa. Jiya na tura bidiyon wani biki, ya fi giga 30, daga `Downloads` zuwa foldar `biki`. Ban ɗaga yatsa daga Enter ba har ya gama. Wace kwamfuta ce ke kwashe giga 30 haka?

Hajiya Fati, Alabar: Wa alaikumus salam. Basiru, zo shagona ka gani da idonka. Yarona ya yi `mv` ɗin hotunan kalanda zuwa filash, har muka idar da la'asar abin bai gama ba. In suna kawai yake canzawa, me ya tsaya yi?

Yakubu: Hajiya ta fi ka gaskiya. Canza suna daban, matsarwa daban. Shi ya sa a cmd, wato wurin rubuta umarni na Windows, akwai `ren` akwai `move`, a PowerShell kuma `Rename-Item` da `Move-Item`. Mutanen Linux ne suka haɗe su saboda rowa.

Rabi, Asawase: Yaya Yakubu, `mv` ya girmi Linux nesa ba kusa ba. Yana cikin Unix na farko da aka fitar a Bell Labs a 1971, Linux kuwa sai 1991. Yaya Basiru, ga yadda za ka kafa hujjarka: rubuta `ls -i bidiyo.mp4`, ka riƙe lambar da ta fito. Yi `mv bidiyo.mp4 biki/`, sannan `ls -i biki/bidiyo.mp4`. Lambar nan ita ake kira inod. Folda ba ta ɗauke da bidiyon a cikinta, jerin sunaye ce kawai, kowane suna da lambar da yake nunawa. An goge suna a wannan jerin, an rubuta a wancan, bidiyon yana kwance inda yake a kan faifai.

Basiru, Aboabo: Na gwada yanzu. Lamba ɗaya ce, ba ta motsa ba. Magana ta ƙare 😎

Malam Sani: Ba ta ƙare ba, Basiru, ba ka amsa wa Hajiya ba. Abin da `mv` ke fara yi shi ne roƙon tsarin kwamfuta ya canza suna, ta kiran da ake cewa `rename`. Wannan kiran yana aiki ne kawai a cikin tsarin fayil guda, wato a sauƙaƙe faifai ɗaya. In inda za a kai filash ne, ko wani faifai na waje, sai a mayar masa da kuskuren `EXDEV`, wato an tsallaka iyaka. Daga nan `mv` ba ya gaya maka komai, sai ya koma kwafa: ya karanta fayil ɗin kaf, ya rubuta shi can, sannan ya goge na asali. Abin da ya cinye wa Hajiya la'asar ke nan. Kai kuma naka bai bar faifai ɗaya ba.

Hajiya Fati, Alabar: To Malam, ga abin da ya fi damuna. Kwamfutar shagon ta tebur ce, ba ta da batir. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wannan kwafar fa? Hotunan mutane ne.

Malam Sani: Hajiya, in a tsakiya ne da sauƙi, domin ba ya goge na asali sai ya gama kwafa. Za ki tarar da guntun fayil a filash, cikakken yana nan a kwamfuta. Inda haɗarin yake shi ne daƙiƙun bayan ya ce ya gama. Linux kan riƙe wani ɓangare na rubutun a ƙwaƙwalwa kafin ya sauke shi a filash. Na asali ya riga ya tafi, in wuta ta ɗauke ko yaro ya fizge filash a lokacin, an yi biyu babu. A rubuta `sync`, umarnin da ke sauke ragowar rubutun a filash, a jira ya dawo kafin a cire. Ni dai in kayan mutane ne ba na yin `mv` zuwa filash sam. `cp` nake yi, wato kwafa, in buɗe in duba, sannan in goge da hannuna.

Rabi, Asawase: Kuma filash mai tsarin fayil na FAT32 ba ta karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Bidiyon Yaya Basiru ba zai shiga ba sai an mayar da ita exFAT.

Yakubu: Duk kun bar babban aibinsa. In sunan da ka ba `ren` akwai shi, zai ƙi. `move` zai tambaye ka kafin ya danne. Shi `mv` shiru zai hau kan tsohon fayil, ba kwandon shara, ba sallama.

Malam Sani: Nan kam ka faɗi gaskiya. Maganinsa `mv -i`, ya tambaya tukuna, ko `mv -n`, ya ƙi dannewa gaba ɗaya. Amma hujjarka ta farko ba ta tsaya ba. Gwada `move a.txt b.txt` a cmd, za ka ga ya canza suna. Kuma matsar da babban fayil a cikin C: nan take yake gamawa, sai za ka kai shi D: ka ga yana ja. Windows ma haka take yi, umarnin ne ta raba biyu.

Rabi, Asawase: Akwai wani tarko kuma. `mv hoto.jpg kalanda`, in babu folda mai suna `kalanda`, hotonka ne zai koma `kalanda`, ka yi ta nemansa. Sa `/` a ƙarshe, `kalanda/`, zai yi ƙorafi maimakon haka. Sunan da ke da sarari kuma a sa shi cikin alamar zance: `mv "bikin Amina.mp4" biki/`.

Basiru, Aboabo: Duk na ji, amma ku yarda a kan faifai ɗaya ni ke da gaskiya.

Malam Sani: Ban ce faifai ɗaya ba sai don sauƙin magana. In an raba faifan gida biyu, misali `/home` daban da `/`, tsakaninsu ma kwafa zai yi. Rubuta `df Downloads biki`, zai nuna maka na'urar da kowace folda take kai, ka duba farkon layin kowanne. In sunan na'urar ɗaya ne, galibi maganarka ta tsaya.

Hajiya Fati, Alabar: Ku ci gaba da gardamarku. Rabi, 'yata, turo mini layin `cp` ɗin da `sync` a rubuce, in manna wa yaron nan a jikin kwamfuta.

Rabi, Asawase: `cp -rv kalanda /media/sunan-mai-kwamfuta/sunan-filash/ && sync`. Mama, ya duba ainihin sunan filash ɗin da `df` kafin ya rubuta.