Kumburin fankiriyas: wane hoto, kuma yaushe?

Jama'a ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi da wasu likitoci a majalisarmu bayan isha'i, tun da aka kwantar da kawuna a asibiti saboda kumburin fankiriyas abin ke damuna.

Fankiriyas tana bayan tumbi ne, ita ke fitar da insulin. In ta kumbura farat ɗaya, ciwon saman ciki mai ratsawa har baya da gwajin jini na lipase (sinadarin narkar da mai da fankiriyas ke fitarwa) da ya ninka ƙa'ida sau 3 sun isa a gane cutar. Sikanin ciki na yau da kullum ana fara yinsa ne don neman tsakuwa a matsarmama, amma iskar hanji takan rufe fankiriyas ɗin.

Inda suka fi jan kunne shi ne CT, wato hoton X-ray na kwamfuta da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Mu 'yan uwa mukan matsa a yi a ranar farko, ga tsada, alhali naman fankiriyas da ya mutu baya fitowa sosai sai bayan awa 72 zuwa 96 da fara ciwo, sannan sai an saka ruwan allurar da ke haska jijiyoyi, shi kuma sai an duba ƙoda tukunna. Makin tsananin ciwo da ake bayarwa bisa hoton CT daga 0 ne zuwa 10. Mai ciki ko mai matsalar ƙoda MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, ya fi masa.

Wani babba cikinsu yace don Allah kar mu kafe kan hoto kaɗai, in numfashi ko ƙoda ko bugun jini ya gaza sama da awa 48 to ciwon ya yi tsanani ko me hoton ya nuna.